Salansar da ta ƙi zama wuri ɗaya: amsa ga mai Corolla

Wani ɗan'uwa daga unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, ya aiko da tambaya. Salansar da ta zo da motarsa, Corolla ƴar Kwatano, ta ruɓe, sai ya sayo wata wadda ba ta kamfanin motar ba, mai ƙaton baki mai sheƙi, aka ɗaura masa. Ranar farko bakin yana zaune daidai tsakiyar gurbinsa a bamba. Ya je Dakoro ya dawo, ya tarar ya karkata hagu har ya soma narkar da robar bamba. Aka gyara, aka ƙara matse noti, bayan mako biyu ta koma gidan jiya. Yanzu mai walda ya ce a bari ya liƙe ta da jikin mota kowa ya huta. Shi ne yake tambaya ko ya yarda.

Ƙanena, kada ka yarda. Na daɗe a ƙarƙashin mota, kuma wannan shawara ce da ke yawan jawo a rasa ido garin neman gira. Bari in faɗa maka dalili, sannan mu bi motar daga gaba zuwa baya.

Kan salansa a jikin injin yake ɗaure, shi kuwa injin bisa roba yake zaune, yana motsi. A Corolla injin kwance yake a gicciye, duk sa'ad da ka taka totur ko ka sake shi sai ya ɗan gyaɗa gaba da baya, ya ja bututun hayaƙi tare da shi. Ga kuma zafi. Baƙin ƙarfe na yau da kullum, kowace mita ɗaya tana ƙara tsawon kusan milimita 1.2 in zafinta ya hau da digiri 100. Ƙarfen nan marar tsatsa da muke ce wa inoks, samfurin da ake kira 304, ya fi haka, yana kai milimita 1.7. Ka ɗauki bututu mai mita 3 da zafinsa ya hau da digiri 300 a kan doguwar tafiya: baƙin ƙarfe zai miƙe da kusan milimita 11, inoks kuwa kusan 15. Santimita ɗaya da rabi ke nan, kuma baya yake tafiya, tunda gaba injin ya riƙe. In ka liƙe wutsiyar da jikin mota, miƙewar nan ba ta fasa ba, wurin fita za ta nema. Ko waldar ta tsage, ko ta ɓalle da gutsuren jikin mota, ko kuma, wanda ya fi ciwo, bakin injin inda hayaƙi ke fitowa ya tsage.

Na taɓa gani da idona. Wani direba mai jigila tsakanin Maraɗi da Tasawa ya kawo mini mota tana ƙara kamar janareta. Da na shiga rami na haska, sai ga guntun rodi an walda shi daga tukunyar salansa, wato ɓangaren nan mai kumburi da ke rage ƙara, zuwa shasi, ba roba ko ɗaya a tsakani. Wutsiyar kam tana nan daram, ko gezau. Amma can gaba, kusoshi biyu da ke riƙe bututun a jikin injin sun karye a cikin raminsu, baƙin hayaƙi ya yi zane a kewayen wurin. Kwana biyu muka yi muna haƙo guntayen. Abin da robar rataye guda biyu za ta gyara, sai da ya ci masa kuɗin aikin mako.

Saboda haka abin da muke nema salansa ce mai lilo kaɗan ta dawo mazauninta. Taka tana tafiya ne ba ta dawowa, to akwai inda take zamewa, kuma sai an gano wurin kafin a taɓa sifana. Mutanenmu sun yi ta matse noti alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ga yadda nake ganowa, ba ya cin ko dala. A gyara bakin ya koma tsakiya. Ka sami ƙusa ka ja layi guda a kan kowace mahaɗa, inda bututu ya shiga cikin ɗan'uwansa, layin ya ratsa duka biyun. Alli ba ya jure hanya, karce ya fi. Sannan kowane ƙarfen rataye, ka sa alama dab da gefen robar da ke kansa. Ka yi tafiyarka ta kwana uku ko huɗu, ka haɗa da hanya mai gargada. In ka dawo ka leƙa. Layin da ya rabu biyu ya nuna mahaɗar nan ce ke juyawa. Alamar da ta yi nesa da roba ko ta shige ciki ta nuna roba ce ke zamewa a kan ƙarfe. In babu abin da ya goce amma bakin ya karkata, ko dai robobin sun saki, ko an lanƙwasa wani ƙarfe, ko matsalar tana can wajen injin.

Mu fara da mahaɗa, don a salansar kasuwa nan aka fi samun laifi. Ta kamfani galibi doguwa ce mai mahaɗa biyu ko uku masu faranti da kusoshi, ba ta da damar juyawa. Ta kasuwa kuwa gunduwa-gunduwa take zuwa, ana zura wannan cikin wancan a ɗaure da ɗamarar ƙarfe, wadda masu gareji ke ce wa koliye. Bututu kewayayye a cikin bututu kewayayye, matsi kaɗai ke hana shi juyawa. Sannan ka dubi tukunyar: da yawa bututun shiga yana gefe ɗaya ne, ba a tsakiya ba. Nauyin tukunyar duk yana rinjaye gefe guda, kowane rami da ka faɗa kamar an sa hannu an murɗa ta ne. Kaɗan-kaɗan har bakin ya isa bamba.

Abin da zan fara aunawa shi ne faɗin bututun biyu. Kayan da ke shigo mana wasu da inci aka yi su, wasu da milimita. Inci 2 milimita 50.8 ne, inci 2 da kwata 57.2, inci 2 da rabi 63.5. Na Turai kuwa sai ka ga 50, 55, 60. A ido duk ɗaya suke, amma in aka zura na 55 cikin bakin da aka buɗe don na inci 2 da kwata, akwai rata fiye da milimita 2, kuma babu ɗamarar da za ta cike ta da gaskiya. Ka zura da hannu ka gani. In ya shiga da ɗan ƙarfi, sai ka murza, ya yi. In yana kwaram-kwaram a ciki, a sa hannun riga na ƙarfe a tsakani ko a sake guntun. Kada a cusa gwangwanin madara, na sha cirowa, zafi da gargada suna cinye shi cikin wata guda. Kuma na ciki ya shige aƙalla santimita 5. In tsinin baki kawai ya kama, mahaɗar za ta riƙa lanƙwashewa kamar gwiwa.

Ɗamarar ita ma iri-iri ce. Akwai mai kama da takalmin doki, rodi lanƙwasasshe da noti biyu, ita ta cika kasuwa. Tana cizon bututun a siririn layi ɗaya, ta lotsa shi. A kan baƙin ƙarfe mai laushi tana riƙewa sosai, sai dai ranar kwancewa za a sha wuya, don ta riga ta yi wa bututun biyu wuya. A kan inoks mai tauri da santsi kuwa, sau da yawa notin zai ƙare ko zaren ya ci kafin ta cije. Wadda na fi so ita ce mai faɗi kamar bel, tana rungume mahaɗar gaba ɗaya. Amma ita sai girmanta ya dace daidai, kuma sai bututun waje yana da tsaga a bakinsa. Wannan tsagar mutane suna raina ta. Bututun da ba a tsaga ba, ɗamara tana matse na waje ne kawai, na ciki yana sake. A sa zarto a yi tsaga biyu ko uku, tsawon santimita 2 zuwa 3, wadda ba ta wuce inda na ciki ya tsaya ba don kada hayaƙi ya tsiyaya, sannan ɗamarar ta zauna bisa tsagar, kusa da baki. Na sha tarar da ɗamara an ɗaura ta can baya, inda ba komai a ƙarƙashinta sai bututu ɗaya. A goge maiƙo daga mahaɗar kafin a haɗa. Wasu yaran gareji suna shafa giris don ya shige da sauƙi, su manta cewa da sauƙin zai juya.

In kana son sanin irin ƙarfen da ka saya, kai masa maganaɗisu. Baƙin ƙarfe da wani samfurin inoks da ake kira 409 yana kama su, 304 kuwa da ƙyar yake jin sa, sai ɗan kaɗan a inda aka lanƙwasa.

Sai rataye. Ka leƙa ƙarfen da ya fito daga jikin motarka, na kamfani: a ƙarshensa akwai ɗan kai kamar na ƙusa, shi ke hana roba fita. Yanzu dubi wanda ke jikin sabuwar salansar. Sau da yawa rodi ne sumul, an yanke shi kawai, wani lokacin ma ya fi ramin robar siranta. Ramukan robobin nan galibi na milimita 10 ne ko 12, in aka sa rodi mai 8 a ciki, salansar tana yawo a kansa kamar zobe a yatsan yaro. Ka sha kwana ɗaya da gudu, ta zame gefe ta zauna can. Alamar wannan ita ce in ka tura bakin da ƙafa sa'ad da ya huce, sai ya koma tsakiya ya tsaya, ka sake turawa ya tsaya inda ka kai shi.

Maganinsa mai araha ne. Ka sayi ƙananan ɗamaru irin na tiyon ruwa, masu ɗaurewa da sukudireba. Bayan an daidaita komai, a ɗaura ɗaya a kowane gefen robar a kan rodin, a sa washa tsakaninta da roba don kada ta yanke ta, a bar ɗan sarari kamar kaurin kwali. Robar za ta ci gaba da lilo, amma ba ta da hanyar tafiya gefe. Wanda yake son na dindindin, mai walda ya ɗiga ƙarfe a ƙarshen rodin ya yi masa kai, amma a cire robar tukuna. In rodin ya yi siriri a sake shi da mai kauri daidai ramin. Kuma wajen zura roba, ruwan sabulu ake sawa, yana bushewa ya bar ta a kame. Baƙin mai ko gas da ake ɗiba a shafa, ban da santsin da ba ya ƙarewa, yana kumbura irin robar da ake yin rataye da ita ya lalata ta.

Robobin da kansu fa? Na tabbata tsofaffin aka mayar maka, haka aka saba. Robar da ta yi shekaru a Turai, ta hau jirgi, ta zo ta sha zafin watan Afrilu da Mayu namu da ke wuce digiri 40 a inuwa, ga zafin tukunya a gefenta, ba ta da sauran ƙarfi. Ka ja ta da hannu, in ka ga tsage-tsage ko ramin ya zama dogo kamar ƙwai, ta gama. A sake su duka rana ɗaya. In ka sake ɗaya ka bar uku, sabuwar za ta ɗaga gefenta, salansar ta karkace. Sabuwar tukunya kuma sau da yawa nauyinta ba ɗaya ba ne da tsohuwa, don haka na baya biyun nakan nemi masu tauri, ko masu zare a ciki. Akwai na foliyuritan, ja ko shuɗi, suna riƙe baki tsaf, amma suna shigo da kaɗawa cikin mota, kuma ba na son a cika mota duka da su. Biyu a wutsiya sun isa.

A daji, in roba ta tsinke maka tsakanin Mayahi da gida, yankin gefen tsohuwar taya ya fi waya, don yana da ɗan sassauci. Waya tana cin ƙarfe, tana tsinkewa ba sallama. Ko wanne ka sa, na isa gida ne.

Wani abu da ba kowa ke lura ba: yadda robar take tsaye. Tunda mun ce bututu baya yake miƙewa, in mota ta huce ya kamata gindin robar ya ɗan karkata gaba, wajen injin, kamar faɗin ɗan yatsa. In ta yi zafi sai ta miƙe tsaye. Wanda ya ɗaura ta a karkace baya tun da sanyi, da zafi ya zo robar ta kai iyakarta, sai ta soma jan mahaɗa. Kuma kowace roba ta ɗauki rabonta na nauyi. Ka taɓa su ɗaya-ɗaya. Wadda ka ji sako-sako ba ta aikin komai, wadda ta miƙe kamar tsirkiya ita ke ɗauke da kayan kowa. Ƙarfen rataye ake ɗumamawa a lanƙwasa ya zo wurin roba. Ba a jan salansa da ƙarfi a kai ta wurin ƙugiya, don duk abin da aka ɗaura a takure yana neman komawa inda ya fito.

Kafin a kwance komai a duba kujerun injin. A buɗe gaban mota, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya, wani ya taka birki ya sa giya ya ɗan ba ta wuta, kai kana tsaye a gefe, ba a gabanta ba. In injin ya yi tsalle kamar zai fito, robar kujerarsa ta mutu, kuma kowace salansa ka ɗaura zai fizge ta. Sannan Toyota da yawa suna da mahaɗa a gaba mai kusoshi biyu da sifirin a jikinsu, da gaskit kewayayye kamar zobe a tsakani. An yi ta ne don ta riƙa lanƙwasawa da motsin injin. In ka ga an zubar da sifirin an sa bol da noti an ƙulle, a mayar da na asali. Motocin da ke da guntun bututu mai saƙar waya a maimakon wannan, shi ma in ya yage ko an yanke shi an sa sandararren bututu, a mayar. Haka in an taɓa yanke tukunyar tace hayaƙi aka jona bututu a gurbinta, a duba ko jonin ya miƙe. Karkata kaɗan a tsakiyar mota tana zama babba kafin ta kai wutsiya.

Yanzu ɗaurin kansa, wanda a ganina shi ne rabin aikin. A kai motar bisa rami, tayoyinta huɗu a ƙasa. In an ɗaga ta da jak ƙafafun baya suna reto, ratar da kake gani tsakanin bututu da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya ƙarya ce, da an sauke za ta canza. A sassauta kowace mahaɗa har ta iya juyawa da hannu. A rataye komai a kan robobi. A ɗora tukunya bisa jak da guntun katako, a kai bakin inda ake so, a cusa katako ko ninkakken kwali hagu da dama da sama tsakaninsa da bamba don ya tsaya. Ni nakan ɗaga shi sama da milimita 4 ko 5 fiye da inda nake so, don sabuwar roba tana ɗan saki. Sannan a fara matsewa daga gaba ana yin baya, rabin ƙarfi a zagaye na farko, a fito a tsaya bayan mota a duba, a koma a cika. Ɗamara mai noti biyu ana matse su bi-da-bi, kada a gama ɗaya a koma ɗayan. A juya notinan gefe, kada su leƙo ƙasa inda tudun rage gudu ko tsakiyar hanyar rairayi zai buge su ya juya ɗamarar. Bayan an zare katako, a kama wutsiyar a girgiza da ƙarfi. Ko'ina a sami sararin yatsu biyu tsakanin bututu da jikin mota, fiye da haka kusa da tankin mai, tiyon birki da wayoyi. Kada ka ji ƙwas ko ɗaya.

Daga nan ka tuƙa ta ta yi zafi sosai, ka bar ta ta huce har safe, a sake bin notinan. Za ka yi mamakin yadda za su ƙara tafiya. A maimaita bayan mako guda. Masu ɗaurawa da yawa ba sa gaya wa mai mota ya dawo, shi ya sa aikin da ya yi kyau ranar Asabar yake lalacewa kafin Juma'a.

Walda tana da wurinta, kuma a nan na yarda da mai waldarka rabi. In an yi duk wannan, an yi mako guda bakin yana inda ake so, a ɗiga walda biyu ko uku a bakin mahaɗar da ke juyawa, bututu da bututu, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake. Ya isa ya hana juyawa, kuma ranar da za a sauke tanki ko a yi aikin ƙafar baya, dutsen gurza zai cire su cikin minti biyu. Ga mai bin hanyar Dakoro ko ƙauyukan Madarumfa kullum, ina ba da shawarar a yi. In inoks ne da inoks 304, sandar walda 308L ake nema, in inoks ne da baƙin ƙarfe, 309L. Sandar ƙofa da taga za ta kama, amma wurin zai yi tsatsa ya tsage. A cire kan batir na baƙar waya, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin bututun dab da inda ake aiki, don wuta kada ta bi ta kwamfutar injin. A tabbata tanki ba ya yoyo, a fitar da duk jarkar mai da ke but, a sa faranti tsakanin tartsatsi da tanki.

Da damina, in ka taho da gudu salansa ta yi zafi, kada ka afka cikin ruwan da ya kwanta a hanya. Ƙarfe mai zafi da ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana tsukewa, mahaɗa ta saki, walda ta tsage. Ka shiga a hankali, in ka fita kuma ka saurari ƙarar.

Kada ka ɗauki wannan gyara na ado ne ka jinkirta shi. Mahaɗar da ke juyawa tana yoyo, baƙin zane a bakinta shi ne shaida. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar nan mai kisa, kabon monoksaid, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi. In bakin ya koma ƙarƙashin bamba ko mahaɗa ta buɗe a ƙasan kujeru, tana shigowa ta ramukan but da na daɓen mota, kuma yaran da ke zaune a baya su take fara samu. In kana jin ciwon kai ko barci a kan tuƙi tun da aka sa salansar nan, ka sauke gilasai, ka kai ta rami yau.

Ka fara da ƙusar nan da karce. Bayan kwana huɗu ka aiko mini da abin da ka gani, layin mahaɗa ne ya rabu ko alamar rodi ce ta goce, da faɗin bututun biyu in ka samu an auna, sai in gaya maka girman ɗamarar da za ka nema.